Windows, macOS ko Linux: wacce ta fi iya jera tagogi, wacce kuma za ka ba amana?

Ɗan'uwa, ka ce kullum kana da tagogi shida ko bakwai a buɗe a kwamfutarka, ga allo na biyu, kuma kana neman babbar manhajar da za ta bar ka ka tsara su son ranka ba tare da ana leƙenka ba. Tambaya uku ka dunƙule wuri ɗaya, wato jeri, tsarawa son rai da amana, kuma babu babbar manhajar da ta cinye duka ukun.

Wajen jeri, in ba a ƙara wa kwamfuta komai ba, Windows ce a gaba. Tun Windows 7 a 2009, in ka ja taga zuwa gefe sai ta cika rabin allo. Windows 11 ta zo a 2021 da Snap Layouts: ka ɗora linzami kan maɓallin faɗaɗa taga, ta nuna maka salon jeri, biyu, uku ko huɗu. Tana kuma mayar da tagogi inda suke idan ka cire allo na biyu ka sake jona shi, wanda ga mai irin aikinka ba ƙaramin sauƙi ba ne. In kana son yanka allon da kanka, akwai FancyZones a cikin PowerToys, ƙarin kayan aiki na Microsoft, kyauta.

macOS ta daɗe a baya. Sai a Sequoia, 2024, ta samu irin wannan jerin; kafin nan manhajar Rectangle da ire-irenta mutane ke sawa. Command da Tab ma manhaja suke sauya maka, ba taga ba. Inda ta yi fice shi ne teburori da yawa, Spaces, tun 2007, da zamewa tsakaninsu da yatsu.

Linux kuwa ba fuska ɗaya gare ta ba. A KDE Plasma, ɗaya daga cikin fuskokinta, kana iya kafa wa kowace taga doka: wannan kullum a allo na biyu za ta buɗe, da wannan girman, a saman sauran. In ka gaji da linzami gaba ɗaya, i3 ko Sway, manhajojin jera tagogi, su za su raba allon da kansu duk sa'ad da ka buɗe sabuwar taga, kai dai madannai kawai. Farashin shi ne lokacinka, kuma Photoshop da Microsoft Office ba su da sigar Linux.

Maganar amana ita ta fi damuna. A wajena, tambayar ita ce wa ke da ikon canza kwamfutarka ba da yawunka ba. Windows 11 Home na neman asusun Microsoft tun wajen girkawa, kuma sharaɗin TPM 2.0, guntuwar na'urar tsaro da Windows 11 ke buƙata, ya bar lafiyayyun kwamfutoci da yawa a baya da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. A 2024 Microsoft ta sanar da Recall, mai ɗaukar hoton allonka lokaci zuwa lokaci. Sai da masana tsaro suka yi ca kafin aka ɗage shi aka mai da shi sai wanda ya kunna. Apple ta fi kame hannu wajen bayananka, amma ƙofar a hannunta take: a Nuwamba 2020 manhajoji suka yi ta jinkirin buɗewa a Mac da yawa, saboda na'urar kamfanin da ake tuntuɓa don tantance su ta yi nauyi.

Linux ma ba tsarkakakkiya ba ce. A Maris 2024 aka gano ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli da Linux ke amfani da ita. Wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ne ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, aka toshe ta kafin ta kai ga tabbatattun sigogin Linux na Debian da Ubuntu. Ya iya bin diddigin ne saboda komai a buɗe yake, kuma wannan ne ya sa na fi natsuwa da ita.

Saboda haka, in aikinka bai rataya ga Adobe ko Office ba, KDE Plasma nake ba ka shawara. Sa Fedora KDE ko Kubuntu, sigogin Linux masu zuwa da ita, a filashi, ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka girka ba, ka jona allonka na biyu ka gani. In ya rataya, zauna a Windows 11, ka sa PowerToys, ka bar Recall a kashe.