Kilinik ɗin ciwon fata da nake tura masu zuwa kitso wurina a Yamai

Sana'ata kitso ce, ina da ɗan shago a Bukoki, asalina kuma ƴar Tawa ce. Duk wadda ta daɗe tana tsefe kawunan mutane ta san mai kitso kan riga uwa ganin abin da ke kan ɗiyarta. Amosani, kora, ƙurajen ƙeya, gashin goshi da ya fara ja da baya, duk a hannunmu suke fara bayyana. Shi ya sa kullum sai an tambaye ni wane mai za a shafa. Ni ba ni da man da zan ba kowa, amma ina da wurin da nake turawa: wani ƙaramin kilinik mai zaman kansa a wajen Filato, inda wata lokotoro da ta ƙware kan fata, gashi da farce take duba mutane. Ba talla nake yi ba, don haka ban sa suna ba. Na kai mutanen gidanmu, ni ma an duba ni, kuma ina da abin yabo da abin ƙorafi.

Wadda na fara kaiwa ɗiyar yayana ce, ƴar shekara 7, da aka kawo mini daga Tawa lokacin hutun lakwal. Kanta ya yi tabo-tabo masu zagaye, gashin wurin ya karye daga tushe, fatar ta yi fari kamar an barbaɗa toka. A gida an yi iya ƙoƙari. An goga tafarnuwa, an shafa baƙin man mota, wanzami ya aske kan tas, an sayi pomad wurin masu yawo da magani a tire. Wuri guda kuma ya kumbura yana tsatsar ruwa, har ana shawarar a tsaga shi a matse. Lokotoron ba ta taɓa alƙalami ba sai da ta duba kan da wani ɗan madubi mai fitila, ta tsige ƴan gasu, ta kankaro ɓawon fatar a kan gilashi don a kai labo. Daga nan ta yi mini bayani da Hausa, Hausar da yarinyar ma ta gane. Ta ce kora ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, kuma a cikin silin gashin take zama, can ƙasa inda mai ba ya kaiwa. Ko kwalba nawa aka shafe, a sama yake tsayawa. Maganinta na sha ne. Ta ɗora yarinyar a sikeli, ta rubuta griseofulvin daidai nauyinta, ta ce za a sha sati 6 zuwa 8 ba fashi, kuma a riƙa ba ta tare da nono ko abinci mai maiƙo, don da maiƙo jiki ya fi ɗaukar sa. Ta haɗa da sabulun wanke kai na ketoconazole, sau biyu a sati, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye, ta kuma ja kunnena cewa shi sabulun rage yaɗuwa kawai yake yi, ba zai maye gurbin ƙwayar ba. Kumburin nan kuwa ta ce kada wanda ya kusance shi da aska. Ba maruru ba ne, jiki ne yake faɗa da cutar, in aka tsaga sai a ƙara tabo a banza.

Abin da ya sa na yarda da ita tun ranar shi ne tambayoyin da ta yi bayan haka. Yara nawa ne a gidan? Wa ke kwana da ita a shimfiɗa guda? Mataji ɗaya suke amfani da shi? Akwai kyanwa ko kare mai zubar gashi? Da ta ji sana'ata sai ta juyo ta ce, "Hajiya, ke fa kanki likita ce a unguwarku. Yaya kike wanke kayan aikinki?" Muka yi maganar wanke mataji da tsinken kitso da sabulu, a jiƙa su cikin ruwan jabel tsakanin kai da kai, da yadda injin aski ɗaya kan zagaye yaran layi guda da cutar. Na kira yayana a waya a gabanta, na ce a duba sauran yaran, aka kuwa samu ƙanen yarinyar da tabo biyu. Gashin ɗiyar ya dawo, sai dai wurin kumburin ya fi jinkiri, har yanzu bai cika kamar sauran ba. Wannan ma ta faɗa mini tun farko cewa yana iya faruwa.

Zuwan da ya fi taɓa mini rai na ƙanwata ne. Gabanin aurenta ƙawaye suka haɗa ta da masu sayar da man haske, irin haɗin nan da ake zubawa a roba ba takarda ba suna, da wasu bututai masu hoton lemo da karas. An gama biki, shafa bai ƙare ba, don duk ranar da ta bari sai fuskar ta yi zafi da ƙaiƙayi. Kafin mu ankara fatarta ta yi siriri har jijiyoyi na nunawa a kumatu, ƙuraje sun cika goshi, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, nankarwa masu faɗi sun fito mata a damatsa da cinyoyi alhali ko haihuwar fari ba ta yi ba. Makero kuma ya bazu a bayanta, ba ya ma kama da makeron da muka sani. Ta daina zuwa suna da biki. Ta ji tsoron zuwa asibiti saboda kada a ci mata mutunci.

Ba a ci ba. Lokotoron ta ce ta kawo duk abin da take shafawa, ta jera su a tebur, tana karanta ƙananan rubutun da ba mai karantawa: clobetasol, betamethasone, hydroquinone. Ta ce biyun farko magunguna ne na gaske masu ƙarfi, waɗanda ita kanta take rubuta wa masu wasu cututtuka na ɗan lokaci a ɗan wuri, ba na shafe jiki safe da dare ba. In aka daɗe a kansu suna cinye kaurin fata, suna rufe alamar makero yana ci ta ƙasa, suna kuma ratsawa cikin jini har su taɓa hawan jini da sukari. Nan take ta sa aka auna mata duka biyun. Na ukun kuma, wato hydroquinone, in an daɗe ana shafawa ana shiga rana, yana barin wani baƙi a kumatu mai wuyar fita. Ba ta ce a watsar da komai rana guda ba. Ta tsara mata yadda za ta rage a hankali, ta gaya mata gaskiya cewa makonnin farko fuskar za ta yi duhu ta yi ƙaiƙayi, kuma a nan ne yawancin mata suke komawa ruwa. Ta ce, "Ƙanwata, nankarwar nan za ta dusashe amma ba za ta ɓace ba, duk wanda ya ce miki yana da man goge ta kuɗinki yake so." Ƙanwata ta yi kuka a wurin, ni ma na yi. Amma na fi son wannan maganar da alkawarin da aka yi mata a kasuwa.

Sai da fatar ta lafa sannan ta shiga maganin ƙurajen. Ta fara tambayar ko akwai ciki ko ana neman sa, don wasu magungunan ƙuraje ba sa haɗuwa da juna biyu. Ta ba ta benzoyl peroxide, tare da gargaɗin cewa yana kashe launin zane da matashin kai, da adapalene da dare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga fuska duka. Ta ce kada ta sa ran ganin canji kafin wata 2 zuwa 3. Haka kuwa aka yi. Yau launinta na gidanmu ya dawo, tana fita cikin mutane.

Ina jin zafin wannan lamari ƙwarai. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana hydroquinone cikin kayan kwalliya tun 2001, Kodibuwa ta hana irin waɗannan mayukan haske a 2015, mu kuwa yarinya ƴar kwaleji tana iya sayen su da kuɗin karin kumallonta. Mazan da ke yaba farar mace a gaban matansu, da iyayen da ke cewa a "gyara" amarya, duk suna da kaso a cikin abin da na gani a jikin ƙanwata.

Nawa ciwon ƙarami ne. Gefen farcena ya daɗe yana kumbura yana zafi saboda ruwa da man miƙe gashi da nake tsoma hannu ciki kullum. Na ɗauka ƙwayoyi za a ɗora mini. Ta duba ta ce ba cikin farcen cutar take ba, fatar gefen ce ruwa ya ɓata, don haka babu dalilin shan terbinafine, ƙwayar kashe fumfunar farce, wanda ake sha sati 6 don farcen hannu, sati 12 don na ƙafa, kuma sai an lura da hanta. Safar hannu, busar da hannu sosai, a daina yanke fatar gindin farce, da wani ɗan pomad. Farcen hannu kusan milimita 3 yake tsiro a wata, ta ce in ba shi wata 6. Lokotoron da za ta iya rubuta magani mai tsada ta ƙi, ta samu girma a idona.

Kan zaizayar gashin goshi kuma bakinmu ɗaya da ita. Mata suna zuwa wurinta neman minoxidil, maganin shafawa na tsirar da gashi, ita kuma takan ce a fara sassauta kitso, a huta da mesh mai nauyi. Maganin yana taimakawa in tushen gashin na da rai, bayan wata 3 zuwa 6, amma in wurin ya riga ya yi sumul yana sheƙi, ba abin da zai tsiro. Iyaye mata, in kun ga ƙananan ƙuraje a gindin kitson sallah, ko yarinya ta kasa kwanciya don zafi, a tsefe. Kyan sati guda bai kai goshin rayuwa duka ba.

Ƙorafina na farko kuɗi ne, ba ma yawansa ba, tsarinsa. Ganin lokotoro jaka 10 na biya. In ka dawo cikin sati biyu kyauta ne, in ya wuce sai ka sake biya cif. To wane ciwon fata ne ke nuna sakamako cikin sati biyu? Ita da bakinta ta ce kora sati 6 zuwa 8, ƙuraje wata 3. Ke nan komawar da ta fi amfani ita ce ake biya, kuma na san matan da suka fasa komawa saboda haka. Ya kamata a ja wa'adin zuwa wata biyu, ko a rage kuɗin dawowa rabi.

Na biyu, jira. Ana ba ka randebu ƙarfe 4, ka shiga bayan magariba. Ɗakin jiran ƙarami ne, in kuran ya ɗauke a zafin watan Afrilu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40, mai ƙaiƙayi yana shan wahala kafin a tada janareto. Babu labo a wurin, sai ka ɗauki samfur ka tsallaka wata unguwa. Yarinyar da ke karɓar mutane a ƙofa kuma ba ta da haƙurin uwar ɗakinta. Na ga yadda ta yi wa wata tsohuwa da ba ta jin Faransanci magana sama-sama, sai da na tashi na ce, "Inna, zo ki zauna nan," na yi mata bayani. Abu na ƙarshe, hannun lokotoron ya saba rubuta mayukan Faransa masu tsada na laushin fata da kariyar rana. Da na ce aljihu ba zai ɗauka ba, ba ta ɓata rai ba, ta ce man kaɗe mai tsabta ko Vaseline ya isa ga bushewar hunturu, ta kuma sauya wasu ƙwayoyin zuwa jenerik, wato maganin iri ɗaya amma mai araha. Amma sai da na tambaya. Mai jin nauyi zai karɓi ordonas ya fita, ya je farmasi ya ji kuɗi, ya ninke takardar ya sa aljihu.

Wanda ba shi da jaka 10 kada ya zauna gida. Akwai sashen fata a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, akwai kuma cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta. Ita ma lokotoron takan tura mutane can, musamman mai farin tabo da ba ya jin taɓi ko tsini, don wannan alama ce da ake zargin kuturta, kuma maganin kuturta kyauta ne, yana warkarwa. In za ku je ko'ina cikinsu, ku tafi da duk abin da kuka shafa ko kuka sha, har na gargajiya, kada ku yi kwalliya ko lalle a wurin ciwon, mai ciwon kai kuma ta je a tsefe.

Damuwata mutanenmu na Tawa. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, ga kuɗin mota, ga masauki, ga ordonas da rubutun Faransanci wanda in an koma ƙauye ba mai karanta shi. Na roƙi lokotoron abu biyu: ta riƙa yi wa na nesa bayanin shan magani da murya a WhatsApp, da Hausa, su tafi da shi a waya, ta kuma yarda a turo mata hoton ciwon bayan wata guda maimakon a sake hawa mota. Na farkon ta yi wa yayana shi, kuma da shi aka yi wa ƙanen yarinyar magani daidai. Na biyun ta ce sai ta yi shawara da masu kilinik ɗin, ina nan ina jiran amsarta.