Tamimi Markets na Khobar: kantin da Amurkawa ke cefane, da abin da yake ci a aljihu

Duk wanda ya zauna a gabashin Saudiyya ya san cewa cefanen yawancin gidajen Amurkawan da ke aiki a Dahran da Khobar a Tamimi Markets ake yin sa, kuma Hausawan da ke tuƙi ko girki a irin waɗannan gidaje sun san lungunan kantin fiye da masu gidan. An buɗe reshensa na farko a Khobar a 1979 bisa tsarin kantunan Safeway na Amurka, kuma ba banza aka zaɓi wannan gari ba, domin tun da aka samu man fetur a Dammam a 1938 ma'aikatan kamfanin da ya zama Aramco, babban kamfanin man Saudiyya, suka kafa sansaninsu a Dahran, wadda ke maƙwabtaka da Khobar.

Ta fuskar tsabta da tsari ban ga abin kushewa ba. Farashi a rubuce yake a gaban kowane kaya, nama da kayan sanyi suna ajiye yadda ya kamata, kuma Ba'amurken da ke kewar gida zai tarar da man gyaɗa na kwalba, da hatsin karin kumallo na kwali, da cuku iri-iri, da garin kek, har da daskararren talo-talo idan bikin godiyarsu na watan Nuwamba ya matso. Naman alade da giya kuwa babu su, kamar yadda dokar ƙasa ta tanada, sai dai a samu madadin naman aladen na naman sa ko na talo-talo.

Maganar tana wajen kuɗi. Tun 1986 dala ɗaya take daidai da riyal 3.75, saboda haka Ba'amurke ba ya fargabar canji irin wadda mai lissafi da naira ya saba da ita, kuma Saudiyya ba ta karɓar haraji a kan albashi, ko da yake Amurka tana bukatar ya cike takardun haraji duk shekara ko ina yake zaune. Amma harajin kayan masarufi da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma kashi 15 a watan Yulin 2020, sannan duk abin da ya ƙetaro teku yana ɗauke da kuɗin jirgi da na ajiya a sanyi. Shi ya sa kwalin hatsin da ba a ɗauke shi bakin komai ba a Amurka yake zama kayan marmari a nan. Idan aka haɗa da riyal 400 da baƙo ke biya duk wata a kan kowane mutum na iyalinsa, sai dai in kamfani ya ɗauke masa, za a gane dalilin da ya sa wasunsu ma suke duba farashi kafin su miƙa hannu.

A ganina, dabarar ita ce raba cefane gida biyu. Madarar Almarai ko Nadec, da ƙwai, da kajin cikin gida, da dabino, da burodi, farashinsu bai yi nisa da na sauran kantuna ba, don haka babu asara a saye su a nan. Buhun shinkafa da man girki da sabulu kuwa, gara mutum ya duba rangwamen mako na kantunan Othaim ko Panda ko Lulu tukuna.

Bahaushen da ya shigo neman kayan miyarsa zai samu tumatir da albasa da ɗanyar kuɓewa masu kyau, amma kuka da daddawa da yaji irin namu sai a ƙananan shagunan 'yan Afirka ta Yamma, ko a hannun 'yan'uwa masu zuwa Umara. Wanda kuma ba ya son dogon layi, ya guji daren Alhamis da kwanakin da albashi ya shiga, ya je da hantsi a tsakiyar mako.