Na ɗora Tucano a kan kwalekwale: sharhi kan jirgin harhaɗawa mai ma'aunin 1/48

Kwalin ya iso Yelwan Yauri ne a hannun direban motar Kontagora, kusurwarsa guda ta lotse don a ƙarƙashin buhun barkono ya yi tafiyar. Tun a tasha na buɗe shi gabana na faɗuwa, sai na tarar komai lafiya, kowane reshe a ledarsa, gilashin kan matuƙi kuma an naɗe shi daban da soso. A nan mai kayan ya fara cin maki a wurina. Kuɗin aikowa daga waje dai ya kusa kamo kuɗin kayan kansa, wannan kuwa uwargida ba ta sani ba har yau.

Ga wanda bai saba ba, wannan ba jirgin wasan yara ba ne mai batir, kuma ba ya tashi. Gutsattsarin roba ne masu launin toka, a manne jikin rassa, kai za ka yanko su ka goge ka haɗa ka yi fenti. Ma'aunin 1/48 na nufin an raba girman jirgin gaske gida 48. Jirgin da ke cikin kwalin shi ne Super Tucano, jirgin yaƙi wanda kamfanin Embraer na Brazil ya ƙirƙira, faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, don haka nawa ya tsaya a wajen santimita 23, kamar taƙi guda da ɗan ɗori.

Tun farko ban saye shi don in haɗa shi yadda takardar ta ce ba. Masu wannan sha'awa suna da wani reshe da za a iya kira ƙirar "da a ce": ka ɗauki jirgin da ke akwai, ka mai da shi abin da ba a taɓa ƙerawa ba, amma ka yi shi da hujja yadda injiniya zai kalla ya ce da an so da an yi. Nawa "da a ce" ɗin daga bakin ruwa ya fito. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife da mutane masu yawa kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka kwashe kwanaki ana nema da kwalekwale. A wannan shekarar ce kuma jiragen Tucano 12 da Najeriya ta saya suka fara isowa, aka ajiye su a sansanin sojan sama na Kainji, wato a ƙarshen wannan tafkin da muke sha. Abubuwan biyu suka zauna mini a rai wuri guda. Da a ce akwai irinsa mai sauka a kan ruwa, babu bindiga, aikinsa kawai ya hango inda mutane suke ya jefa musu rigunan ceto, yaya zai kasance?

Ba haukata kaɗai ba ce. A Yaƙin Duniya na Biyu Japanawa sun ɗauki jirginsu na yaƙi Zero suka cire masa tayoyi, suka ɗaura masa babban kwalekwale guda a ƙarƙashin ciki da ƙanana biyu a ƙarƙashin fukafukai, kamfanin Nakajima ya ƙera fiye da 300. Turawan Ingila ma sun gwada da 'yan ƙalilan daga jiragensu na yaƙi Spitfire. Tsarin Japanawa na bi, saboda Tucano ma fukafukansa a ƙasa suke.

Kayan kansa, gaskiya an zuba aiki. Layukan jikin jirgin a nutse suke, siriri kamar an ja da allura, kujerun matuƙa biyu na gaba da baya sun fito da kyau, farfela mai ganye biyar kuma babu inda ta karkace. Rabin jiki na dama da na hagu sun haɗu ba tare da na matsa ba. Na yi amfani da ruwan gam na Tamiya mai koren murfi, wanda ba manne roba yake yi ba, narkar da bakinta yake yi har biyun su zama ɗaya. Ka haɗa su a bushe, ka taɓa da ɗan burushi, ya bi tsagar da kansa. Wanda ya saba da sufa gulu zai ga kamar sihiri.

Inda na yi tsaki wuri uku ne. Mahaɗar fukafuki da ciki ta bar rata da farce zai shiga. Takardar bayani ta nuna wasu ƙananan eriya da kibiya amma ba ta nuna ainihin inda za su zauna ba, sai ka yi ta canki-canka. Na uku shi ya fi ci mini rai: ƙofofin ramin tayoyi an yi su ne don a bar su a buɗe. Mai haɗa jirgi a tsaye kan tayoyinsa ba zai taɓa sani ba. Ni da nake son rufe ramukan gaba ɗaya, sai na ga ƙofar ta fi ramin ƙanƙanta ta nan, ta fi shi girma ta can. Dare biyu na yi a kansu. A ƙarshe na cusa guntun roba daga ciki, na shafe da bodi fila da na roƙo wurin mai gyaran jikin mota a layinmu, na bi da samfefa mai laushi a jiƙe har wurin ya koma sumul kamar ba a taɓa yin taya a nan ba.

Robar tana da taushi daidai, kuma ga mai niyyar yanka wannan ya fi duk wani kyan layi muhimmanci. Wata robar kana sa mata reza sai ta tsage ta bi inda ta ga dama. Wannan kuwa na yanke bakin bindigogin fukafuki, na fafe wurin rataya makamai, na huda ciki da allura mai zafi, ko sau ɗaya ba ta dare ba.

Kwalekwalen babu shi a kwali, dole na sassaƙa. Na fara da ɓargon kara, irin wanda muka yi motoci da shi muna yara, sai ya sha fenti ya kumbura. Na koma itacen rimi. Santimita 19 na ba shi, na shafe shi da sufa gulu har sau uku don ƙwayar itacen ta ɓace. A ƙasansa, ɗan bayan tsakiya, na yanka mataki kamar na bene. Kusan duk jirgin da ke tashi daga ruwa yana da wannan matakin, don ruwa yana riƙe shimfiɗaɗɗen abu kamar yadda faranti ke manne wa jiƙaƙƙen tire, matakin ne ke shigar da iska ya sake shi. Sandunan riƙe ƙananan kwalekwalen wayar tsohuwar lema ce. Na ƙara ɗan fiffike a ƙarƙashin wutsiya, saboda kwalekwale mai tsawo a gaba yana sa jirgi ya riƙa son juya hanci gefe, sai an ƙara wa wutsiya faɗi ta rinjaye shi. Da na ajiye shi sai ya zauna da gindi, hanci sama. Dalma biyu daga komar masunta na binne a goshin kwalekwalen, ya daidaita.

Kuskure guda nawa ne, ba na mai kaya ba. Na ɗiga sufa gulu kusa da gilashin matuƙi, da safe na tarar tururinsa ya yi masa fari kamar idon da yana ta rufe. Man goge baki da auduga suka cece ni bayan awa guda ina murzawa. Gilashi farin gam na kafinta ake sa masa, na sani, gaggawa ce ta ja ni. Fenti kuma na yi shi a cikin hunturu, wanda ba zan sake ba. Ka shafa fari, kafin ka juya ƙura ta zauna. Sai da na riƙa kifa masa babbar roba bayan kowace shafa. Na yi shi fari da ruwan lemo a wutsiya da bakin fukafukai don a hango shi daga nesa. Tambarin kore-fari-kore da hannu na zana, da kamfas ɗin ɗalibai.

Da na gama na kai shi bakin ruwa wurin wani dattijo da ya tsufa yana sassaƙa jirage, abokin mahaifina ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, bai ko kalli fukafukan ba. Kwalekwalen ya ƙura wa ido, ya bi ƙasansa da babban yatsa.

"Malam, wa ya sassaƙa maka wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Goshin ya yi ƙasa. In iskar yamma ta taso a tafkin nan, igiyar farko za ta hau kansa, ta biyu ta shiga wannan fankar taka." Ya nuna farfela. Sannan ya leƙa cikin gilashin ya ga kujeru biyu. "To in ya sauka ya tarar da mutum talatin a ruwa, wa zai ɗauka?"

Na ce ba ɗauka zai yi ba, nunawa zai yi, jiragenku su zo. Ya yi shiru, ya ce to hakan da dama-dama, amma goshin dai a ɗaga shi. Na auna a gida na ga gaskiyarsa: tsakanin bakin farfela da saman kwalekwalen bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba.

Wanda bai taɓa haɗa ko ɗaya ba, kada ya fara da wannan, ƙananan gutsattsarin za su sa ya jefar da shi. Ya nemi mai ma'aunin 1/72 mai sauƙin kuɗi ya lalata biyu tukuna. Mai son haɗa Tucano yadda yake zai ji daɗinsa, sai dai ya tanadi abin cike ratar fukafuki. Mai niyyar yanka irina kuwa, zan ba shi huɗu cikin biyar, ƙofofin tayoyin nan ne suka cinye ɗayan. Yanzu haka na ɓalle kwalekwalen daga cikin jirgin, ga sabon guntun rimi a kan tebur, Baba ya ce in kawo masa ranar Juma'a bayan an sauko ya zana mini goshin da gawayi kafin in sa wuƙa.