Daren da ɓarɓashin ƙarfe ya kai ni asibitin ido a Jos

Hutun ƙarshen shekara ne ya kai ni Jos da iyalina, muka sauka a gidan baffana da ke Unguwar Rogo, da niyyar mu nuna wa yara gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, da gidan namun daji, da duwatsun Shere. A rana ta uku, da yammacin Asabar, ina wucewa ta gaban wani shagon masu walda a titin Bauchi sai na ji wani abu ya faɗa mini a idon hagu. Na ɗauka ƙurar hunturu ce, na murza na wuce. Kafin sallar isha'i idon ya yi jawur, hawaye na zuba ba tsayawa, kuma ko hasken waya ba na iya kallo.

Mutanen gida suka ce afolo ne, wata ta kawo shawarar ruwan sukari, wani ya ce a aika kemis a sayo maganin ɗigawa. Baffa ne ya katse zancen, ya ce, "Ɗana, ido ba abin wasa ba ne, tashi mu tafi." Muka nufi wani asibiti mai zaman kansa da ke da sashen ido, wanda wani maƙwabci ya kwatanta mana.

Zan fara da abin da ya ɓata mini rai, domin a bakin ƙofa yake. Ma'aikacin da ke yankan kati bai ko ɗago kai ya dube ni ba, ya ce sai an biya kafin a shiga, alhali na'urar POS ɗinsu ba ta da sabis, tura kuɗi ta waya kuma ya ƙi tafiya. Da na nuna katin inshorar lafiyata, sai aka ce ai asibitin da na yi rajista yana Kano, kuma ba za a taɓa ni da ita ba sai an samo lambar amincewa daga masu inshorar, wadda babu mai bayar da ita a wannan dare. Kusan minti 40 muka yi a kan benci cikin sanyin Jos na Disamba, wanda duk wanda ya taɓa kwana a garin ya san ba ya tausayin baƙo, har sai da baffa ya fita ya samo tsabar kuɗi a wajen mai shayi. Ban ga dalilin da zai hana wata ma'aikaciyar jinya ta leƙa idon mutum kafin a gama lissafi ba, musamman da yake akwai raunin ido, kamar na ruwan batir ko siminti, da ake so a fara wanke shi nan take ba tare da jiran komai ba.

Daga nan labarin ya sauya. Likitar ido ba ta kwana a asibitin, kiranta aka yi daga gida, amma ta iso da wuri, kuma ba ta nuna gajiya ko ƙosawa ba. Ta fara gwada ganina da allon haruffa, ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗiga mini maganin kashe zafi, wanda cikin ɗan lokaci ya ɗauke raɗaɗin kamar an zare ƙaya. Ta taɓa gefen idon da wata 'yar takarda mai launin ruwan lemo, ta sa na ɗora haɓata a kan na'urar duba ido, ta haska shuɗin haske. Ta bayyana mini cewa wannan rinin yana taruwa a inda fatar saman baƙin ido ta karce, ya yi kore, shi ya sa ake ganin raunin da ido kawai ba zai gani ba. Ta juya fatar idon ta sama ta duba ƙarƙashinta, sannan ta ce, "Malam, ɓarɓashin ƙarfe ne, kuma har ya fara tsatsa. Ka kafe idonka a kunnena, kada ka motsa."

Da bakin allura ta cire shi. Na ga allurar tana matsowa, ban ji komai ba sai bugun zuciyata, kuma da ta nuna mini abin a kan auduga bai kai ƙwayar gero ba. Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da ya biyo baya. Na roƙe ta ta ba ni maganin kashe zafin nan in tafi da shi, ta ƙi, ta ce yawan ɗiga shi yana hana rauni warkewa, kuma yana ɓoye ciwo yayin da yake ƙaruwa. Ta kuma gargaɗe ni game da magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroyid da ake sayarwa a kemis ba tare da takardar likita ba, domin idan ƙwayoyin cuta sun shiga raunin, waɗannan magunguna suna iya mayar da shi gyambon da zai bar tabo a kan gani. Man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta ta rubuta mini, ta tambayi yaushe rabona da allurar tetanus, ta ce in dawo ranar Litinin a kankare sauran tsatsar.

Ɗakin duba marasa lafiya yana da tsabta, janareta ya tashi nan da nan lokacin da aka ɗauke wuta, sai dai kantin maganinsu a rufe yake da dare, dole muka zagaya har yankin kasuwar Terminus neman man shafawar. Duka kuɗin da na kashe, har da komawar Litinin, bai kai na man motar da na sha daga Kano zuwa Jos ba, kuma a ganina aikin likitar ya fi ƙarfin abin da aka caje ni. Wanda zai je can da dare ya tafi da tsabar kuɗi da ɗan rakiya, domin da ido ɗaya mai hawaye ba a tuƙi.

Ranar Litinin ta kankare tsatsar, ta rubuta mini takardar da zan kai wa likita a Kano. Duwatsun Shere kuwa sai ranar Alhamis muka hau su, ina sanye da baƙin tabarau, yara suna ta yi mini dariya wai na zama ɗan kwalisa.