Na sa wa babur ɗina kafireta PZ30, wata biyu na cire ta

Babur ɗina ƙirar CG ne mai 125cc, irin injin da Honda ta fara fitarwa a 1975, kamfanonin Caina kuma suka yi ta kwaikwayonsa. Da kafireta PZ26 ya zo, kuma shekara huɗu muna zaman lafiya. Abin da ya ja ni shi ne son gudu. Na ji ana cewa babbar kafireta na ƙara wa inji ƙarfi, sai na sayo PZ30 sabuwa dal a kwali.

Bakanikena ya juya ta a hannu, ya leƙa maƙogwaronta, ya ce, "Malam, wannan ai ta injin 200 ce zuwa sama. Naka ba zai iya zuƙe ta ba." Na ce dai a ɗaura. Sai da aka sauya robar iyakilina kafin ta zauna.

Gaskiya ƙirarta ba laifi, ba ta yoyo, kuma idan na hau titin Zariya na buɗe totur gaba ɗaya, babur ɗin yana ɗan ƙara sakin jiki. Amma sau nawa mutum ke samun titi fayau? Zirga-zirgata ta cikin Kano ce, tsaya, tashi, danja, cunkoso. A nan ta ba ni wahala. Da na ja totur daga tsaye sai injin ya shaƙe kamar zai mutu, ya yi jim, sannan ya fizga. Silo ya ƙi zama wuri ɗaya. Man da ke kai ni kwana uku ya koma ƙarewa a kwana biyu, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Daga baya na gane dalili. Kafireta ba famfo ba ce, saurin iskar da ke ratsa maƙogwaronta ne ke janyo fetur daga jet, wato 'yar ƙofar da mai ke fitowa, ya watsa shi ya zama feshi. Ƙaramin fistin idan aka ba shi ƙofa mai faɗi, iskar takan yi sanyin gudu, fetur ya shigo guntu-guntu bai gauraya ba. Inji kuwa yana son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Mun yi ta ƙara mata mai don shaƙewar ta ragu, sai fulogi ya amsa: da muka kwance shi, baƙi ƙirin, toka har kan yatsa, salansa kuma sai warin ɗanyen mai.

Mun sauke allurar da ke daidaita fitar mai, mun rage babban jet, mun yi wasa da sukurun iska. An samu sauƙi, amma ba ta taɓa kai tsohuwar daɗin tashi ba.

Na mayar da PZ26, aka wanke ta fes, aka wanke soson iyakilina da ƙurar hunturu ta toshe. Ina zargin wannan soson ne tun farko ya sa na ga kamar babur ɗin ya rage ƙarfi. Bayan mako guda na duba fulogi, ya fito kalar shayi mai madara.

Mai injin 200 ko 250 zai iya jin daɗin PZ30. Mai 150 ya tsaya a PZ27, mai roba-roba 110 kuma PZ19 ta ishe shi. Tawa tana nan cikin kwalinta, ina jiran mai babban inji ya taya.