Shagon Littattafan Soyayya a Tudun Wada

A wani lungu da ke kusa da Kasuwar Barci a Tudun Wadar Kaduna akwai ɗan shagon littattafai da nake zuwa tun lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida wata takwas cur. Shagon ƙarami ne, amma an tsara littattafan bisa sunayen marubuta, kuma mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya san abin da ke cikin kusan kowane littafi, har yakan ce, "Malama, wannan ba zai yi miki ba, kuka ne daga farko har ƙarshe." Yana sayarwa, yana kuma bayar da haya, abin da ya fara wuya tunda masu karatu suka koma waya.

Buƙatar da na je da ita a watan jiya ta musamman ce. Ni malamar jami'a ce a nan Kaduna, maigidana kuma yana koyarwa a Zariya, saboda haka tafiyar kimanin kilomita 80 ce ke haɗa mu a ƙarshen mako. Na roƙi mai shagon ya nemo mini labaran da mata da miji duka malaman jami'a ne. Bayan kwana biyu ya ajiye mini guda huɗu, kuma a nan ne na yaba wa ƙwazonsa, domin sai da ya tuntuɓi abokan cinikinsa na Kano.

Littattafan ne suka ba ni dariya. A uku daga cikinsu, da zarar an ɗaura aure sai shugaban jami'a ya kira amarya ya miƙa mata takardar kama aiki a sashen mijinta. A jami'o'inmu kuwa sai an sami gurbi, an tantance takardu, an yi ganawa, majalisar gudanarwa ta amince, sannan a jami'o'in tarayya ga ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, wadda ke lissafa matar aure da jiharta ta asali, ba ta mijinta ba. A Amurka wasu jami'o'i suna da tsarin nema wa abokin zaman sabon malami aiki, amma mu a nan ko an ɗauki matar bisa cancantarta sai a yi ta raɗa cewa alfarma ce. Littafi na huɗu kaɗai ya taɓo wannan raɗa, shi ne kuma na saya na bar sauran.

Inda shagon ya gaza shi ne zafi da ƙura, ga shi babu wurin zama, kuma wasu littattafan haya sun rasa shafukan ƙarshe. Na faɗa wa Baba mai shagon, ya yi alkawarin riƙa dubawa kafin ya karɓa daga hannun masu haya.