Hattara da mai yawo da sawun kad na USB a kasuwanninmu

Salam jama'a, musamman masu ɗaukar karatun malamai da samarin da ke haɗa ɗan sitidiyo a shago. Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin ƙauye, an gan shi a Gujungu ranar Lahadi, an kuma gan shi Maigatari ranar Alhamis, da jakar goyo da laftof yana sayar da ɗan ƙaramin sawun kad ɗin nan mai kama da filas, wanda ake jona makirufo da iyafis a laftof da shi, wai irinsa gidajen rediyo ke aiki da shi. Wallahi ƙarya yake.

Yadda yake yi, sai ya soka abin a laftof ya sa maka iyafis ya kunna wani karatu garau ba ko ɗigon ƙara ya ce da wannan aka ɗauka, alhali a sitidiyo na gaske aka ɗauko shi, kana cewa bari in gwada da muryata sai ya ce ai caji ya kusa ƙarewa ko kasuwa ta cika hayaniya. Ƙanina da ke ɗaukar tafsiri a masallacinmu ya ba shi naira 15,000, kuɗin riɗinsa ne fa, muka zo gida muka jona, muryar Malam can ƙasa kamar daga cikin rijiya, sama kuma shuuu ba tsayawa, da aka sa laftof a caji da janareta sai wani zuuu ya ƙaru. Lambar da ya bayar a kashe take har yau.

Ku dubi jikin abin da kyau. An rubuta 7.1, wato wai sautin sifika takwas yake fitarwa, amma huda biyu ce kawai, ta iyafis da ta makirufo, sautin dama da hagu yake fitarwa shi ke nan. Kuma babban makirufon sitidiyo, kondensa, wutar bolt 48 yake so, USB kuwa bolt 5 take bayarwa, ɗan wannan abu kuma ba shi da abin da zai ɗaga wutar ta kai 48, to ta ina zai ɗauke shi? Na gaske irin su Behringer UM2 ko Focusrite Scarlett Solo akwati ne, da babbar huda mai ƙafa uku da maɓallin 48V a jiki.

Abin yana da amfaninsa in hudar iyafis ta laftof ɗinka ta lalace, a shagunan Farm Centre cikin Kano kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da haka ba. Abin da ya ƙona min rai, yaran da ke yi don Allah yake cuta.

Kar ka miƙa ko sisi sai ka ɗauki muryarka da kanka, ka yi magana ka yi shiru na ɗan lokaci sannan ka saurara, a wajen shirun nan ƙarar ke fitowa. Ya ce wa ƙanina yana shiga Wudil ranar Juma'a, don Allah mutanen can ku tura wa naku.